Tsakanin Wurin Hatsari Da Ƙofar Asibiti: Haƙƙin Da Muke Tauye Wa Majinyaci

Duk wanda ya saba bin manyan hanyoyinmu ya san abin da ke faruwa idan aka yi hatsari. Kafin ƙura ta lafa jama'a sun kewaye wurin, ana ta salati. Wasu su kama hannuwan wanda ya jikkata, wasu su kama ƙafafunsa, kansa yana reto, a cusa shi cikin a-daidaita-sahu ko a shimfiɗa shi a bayan akori-kura. Wani ya zo da ruwan leda yana ɗura masa alhali ba ya cikin hayyacinsa. Idan kuwa Allah Ya sa motar asibiti ta iso, ma'aikacinta ya durƙusa yana duba baki da ƙirjin majinyacin, sai ka ji an ɗauki hayaniya ana cewa yana ɓata lokaci, ya ɗauke shi a tafi. Babu wanda ya zo wurin da mugun nufi, tausayi ne ya tara kowa. Amma tausayin da babu sani a cikinsa yakan ƙarasa wanda hatsarin ya bari da sauran numfashi.

Ra'ayinmu a wannan rubutu shi ne, jinya tana farawa ne daga inda mutum ya faɗi, kuma 'yan mintocin da ƙwararren ma'aikaci zai yi a kansa kafin a tayar da mota suna daga cikin mafi tsadar lokaci a rayuwarsa. Saboda haka akwai nauyi biyu a kanmu: mu bar ma'aikatan su bi ƙa'idojin aikinsu, kuma mu matsa wa hukumomi lamba su samar da waɗannan ƙa'idoji a rubuce, tare da horo da kayan aikin da za a aiwatar da su.

Abin da ake nufi da ƙa'idojin aikin gaggawa shi ne tsari rubutacce da likitoci suke tsarawa, hukumar lafiya ta sa masa hannu, a miƙa wa ma'aikatan motar asibiti. Yana bayyana abin da za su fara dubawa da abin da zai biyo baya, da magungunan da aka yarje musu su bayar da ma'auninsu, da lokacin da dole su kira likita ta waya, da irin asibitin da ya dace da kowace irin larura. Hikimar rubuta shi ita ce, a cikin ruɗani hankalin ɗan Adam yakan tafi ga raunin da ya fi ban tsoro da mutumin da ya fi ihu. Sai a taru a kan mai karyayyen hannu yana kururuwa, a bar wanda ya yi shiru a gefe saboda harshensa ya toshe masa maƙogwaro, alhali shi ne ya fi kusa da mutuwa. Ƙa'ida tana hana ma'aikaci bin ruɗanin wurin, ta ɗora shi a kan jeri guda wanda ba ya canzawa, ko da dare ko da rana, ko majinyacin attajiri ne ko almajiri.

Tunanin kusanto da jinya ga wanda ya jikkata tsoho ne. Malaman tarihi sun ambaci tantin da Rufaida al-Aslamiyya, Allah Ya yarda da ita, take jinyar masu rauni a cikinsa a masallacin Madina, kuma a nan aka kwantar da Sa'adu ɗan Mu'azu, Allah Ya yarda da shi, bayan kibiya ta same shi a jijiyar hannu a yaƙin Khandaƙ, shekara ta 5 bayan hijira. A ƙarshen ƙarni na 18, likitan sojan Faransa Dominik Lare ya ƙirƙiro kekunan doki marasa nauyi waɗanda ke shiga fagen fama da masu jinya a kai, domin a fara yi wa soja magani tun kafin a gama yaƙi. A shekarar 1966, a birnin Belfas na Arewacin Ayilan, Dakta Farank Fantirij ya ɗora na'urar farfaɗo da zuciya da lantarki a cikin motar asibiti, bayan ya lura cewa da yawa daga masu bugun zuciya suna mutuwa ne kafin su kai asibiti. A wannan shekarar kuma Cibiyar Kimiyya ta Ƙasa a Amurka ta fitar da rahoton da ya tona asirin aikin gaggawa a ƙasar, inda aka ga cewa kaso mai yawa na ɗaukar marasa lafiya masu sana'ar jana'iza ne ke yin sa da motocinsu, kuma akasarin ma'aikatan ba su da horo. Bayan shekara ɗaya aka fara horar da matasa baƙaƙen fata a birnin Fitsbag domin su yi jinya a cikin mota, daga nan sana'ar ta ɗauki sabon salo. Mun kawo labarin Amurka ne saboda ya yi kama da halin da muke ciki: a garuruwanmu da dama, idan aka ga motar asibiti a ƙofar gida, abin da ke fara zuwa a zuciya shi ne an kawo gawa.

Hukumar Lafiya ta Duniya, tare da ƙungiyar agaji ta Red Cross, sun fitar da kwas na kulawar gaggawa ta farko a 2018, an gina shi a kan jeri mai matakai biyar: hanyar iska, numfashi, zagayawar jini, hayyaci, sannan duba dukkan jiki. Kafin waɗannan ma, ana buƙatar ma'aikaci ya tabbatar wurin ba shi da haɗari gare shi da jama'a, domin mai ceton da ya jikkata ya ƙara yawan waɗanda za a ceta. Abin da ya faru a garin Majiya na Jihar Jigawa a watan Oktoban 2024, inda tankar mai ta faɗi ta kama da wuta, mutum sama da 150 suka rasu, ya isa wa'azi a kan muhimmancin nesanta jama'a daga wurin hatsari.

Idan akwai jini mai tsartuwa, shi ake fara tsayarwa, domin babbar jijiya idan ta yanke, mutum yana iya ƙarewa cikin 'yan mintoci. Ana danne raunin da ƙarfi da ƙyalle mai tsabta ba tare da ɗagawa ana leƙawa ba. Idan a hannu ne ko ƙafa kuma dannewar ba ta tsayar ba, sai a yi ɗaurin tsayar da jini a saman raunin, a rubuta lokacin da aka ɗaura domin likita ya sani. Wannan ɗaurin kuwa an hana yin sa a saran maciji, inda abin da ake so shi ne a hana gaɓar motsi a garzaya inda ke da maganin dafi. Mai karatu zai ga dalilin da ya sa ba a barin irin wannan ga hasashe: abu ɗaya ne yake ceto a wani hali, ya jawo asarar ƙafa a wani halin.

Daga nan sai hanyar iska. Wanda ya suma tsokokinsa sukan saki, harshensa ya koma baya, ko jini da amai su taru a bakinsa. Ma'aikaci zai turo haɓarsa gaba, ya zuƙe abin da ya taru, idan yana numfashi ya kwantar da shi a gefensa. Nan ne haɗarin ɗura wa sumamme ruwa ko madara ko man ja yake, domin abin da aka ɗura masa huhu yake wucewa. Haka nan cusa cokali a bakin mai farfaɗiya karya haƙori kawai yake yi, ya kuma toshe iska. Ƙa'ida ta ce a kawar da abin da zai ji masa rauni, a ƙidaya lokaci, idan jijjigar ta wuce minti 5 a ba shi maganin tsayar da ita. Idan kuma ana zargin wuya ko ƙashin baya ya taɓu, to mutum ɗaya zai riƙe kai, sauran su juya jikin gaba ɗaya a tare. Ɗaukar hannu da ƙafa da muka saba yi tana iya sa karyayyen ƙashi ya datse laka, wanda da zai warke ya ƙare rayuwarsa a kwance.

Idan mutum ya yanke jiki ya faɗi, ba ya amsawa, ba ya numfashi yadda ya kamata, ana ɗauka zuciyarsa ta tsaya. Ƙwaƙwalwa takan fara lalacewa bayan minti 4 zuwa 6 babu iskar oksijin, kuma babu motar da za ta kai shi asibiti a cikin wannan ɗan lokaci. Saboda haka a wurin ake fara danna tsakiyar ƙirji, sau 100 zuwa 120 a minti ɗaya, zurfin santimita 5 zuwa 6, ana haɗawa da hura iska sau 2 bayan kowane danni 30, a kuma maƙala na'urar lantarki da zarar ta samu. A wajenmu kuwa, sau da yawa da zarar mutum ya faɗi sai a shafe masa ido, a ja mayafi a rufe shi, a fara kiran dangi. Mun yi imani cewa ajali idan ya zo babu mai jinkirta shi. Sai dai babu wanda ya san ko ya zo a wannan minti, kuma riƙo da sababi ba ya cin karo da tawakkali. Tabbatar da mutuwa aikin wanda ya san alamominta ne, kuma malaman fiƙihu tun da can sun yi gargaɗi kan gaggawar shirya wanda ya mutu farat ɗaya har sai an tabbatar.

Akwai larurorin da babban aikin ma'aikaci a cikinsu shi ne kiyaye lokaci da zaɓen asibiti. Wanda bakinsa ya karkace, hannunsa ya saki, maganarsa ta sarƙe, mai yiwuwa shanyewar ɓarin jiki ce ta same shi, kuma maganin narkar da gudan jini ana ba da shi ne cikin awa 4 da rabi, bayan an yi hoton ƙwaƙwalwa. Don haka ma'aikaci zai tambayi iyali yaushe aka yi masa ganin ƙarshe yana lafiya, ya wuce ƙaramin asibitin da ke kusa zuwa wanda ke da na'urar hoton, ya kuma kira su tun yana hanya su shirya. A zafin rana mai kisa, irin wanda ya yi ajalin alhazai sama da 1,300 a aikin hajjin 2024, ana fara sanyaya jiki da ruwa nan take kafin a yi maganar tafiya. A ƙuna ana kwarara ruwa mai sanyi na minti 20, ba a shafa ƙwai ko man goge baki.

Wajibi ne mu faɗi ɗaya ɓangaren, domin masu cewa a yi sauri ba a kowane hali suka yi kuskure ba. Wanda jini ke zuba a cikin cikinsa ko ƙirjinsa, ɗakin tiyata kaɗai zai cece shi, kuma duk mintin da aka ƙara a bakin titi asara ce. Ƙa'idar aiki ta san da wannan, shi ya sa a irin wannan hali ake koya wa ma'aikata kada su wuce kamar minti 10 a wurin, sauran aikin kamar sa ƙarin ruwa a yi shi cikin mota ana tafiya. Akwai kuma maganin rage zubar jini mai suna tiranekzamik asid, wanda wani babban gwaji da aka wallafa a 2010 a kan majinyata sama da 20,000 a ƙasashe 40 ya nuna yana rage mutuwa, aka kuma gano amfaninsa yana cikin awa 3 na farko. Wani gwajin na 2017, wanda mata daga asibitocin Najeriya suka shiga da yawa, ya nuna irin wannan amfani ga zubar jini bayan haihuwa. Magani ne mai araha, amma idan mace ta haihu a ƙauye, aka yi awa biyu ana neman mota, aka yi awa ɗaya da rabi a hanya, to lokacinsa ya wuce kafin ta ga likita. Da yana cikin motar, kuma ƙa'ida ta ba ma'aikaci izinin bayarwa, da ya same ta a kan kari.

Akwai wurare uku da muka ga jama'a suna tare ma'aikata da sunan addini, kuma ya kamata a yi magana a kansu a fili. Na farko shi ne idan majinyaciya mace ce, ma'aikacin kuma namiji. Asali dai mace ce ta fi dacewa ta duba mace, kuma Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Haɗin Kan Ƙasashen Musulmi ta tabbatar da haka a zamanta na Burunai a 1993, ta kuma halatta namiji ya duba idan babu mace, ya taƙaita a kan gwargwadon buƙata, tare da muharrami ko miji ko wata amintacciyar mace a wurin. Matar da ke zubar da jini ko jijjigar naƙuda da tsakar dare tana cikin tsananin larura, kuma mijin da ya tsaya a ƙofa yana cewa sai an samo mace zai amsa tambaya a gaban Allah idan ta rasu a kan haka. Kishin da ya dace da shi shi ne ya riƙe zani ya kare ta daga idon 'yan kallo, ya bar ma'aikaci ya yi aikinsa. Hukumomi su ma suna da laifi a nan, domin da sun kula da al'adar mutanen da suke yi wa aiki, da sun ɗauki mata sun horar da su, kowace mota ta fita da mace a ciki.

Na biyu shi ne azumi. Mai ciwon suga da ya fara rawar jiki, gumi na karyo masa, yana sambatu da rana a watan Ramadan, awon ɗigon jini a yatsa zai nuna ko sugansa ya faɗi. Idan ya gaza 70 a ma'aunin da aka saba, likitoci sun yi ittifaƙi cewa ya karya azumin nan take: a ba shi abu mai zaƙi idan yana iya haɗiya, idan ba ya iyawa a ba shi ta jijiya. Cewa a jira magariba saura awa ɗaya kasada ce da ƙwaƙwalwarsa, alhali Shari'a ta riga ta yi wa mara lafiya rangwame ya rama daga baya. Na uku shi ne izini. Wanda ya suma ba ya iya cewa e ko a'a, waliyyinsa kuma yana iya kasancewa a wani gari. Wannan majalisar fiƙihu, a zamanta na Jidda a 1992, ta bayyana cewa a halin gaggawa da rai ke cikin haɗari, magani ba ya tsayawa jiran izini. Kiyaye rai yana cikin manyan manufofi biyar da malaman usulu suka ce Shari'a ta zo domin ta tsare su.

Za a iya cewa duk wannan bayani na ƙasashen da suka wadata ne, mu da motar ma ba ta isa ba. Gaskiya ne motocin sun yi ƙaranci, kuma ba ma cewa a zauna ana jiran motar da ba za ta zo ba. Amma a duba abubuwan da muka lissafa: danne rauni, buɗe hanyar iska, kwantarwa a gefe, riƙe wuya, danna ƙirji, awon suga. Mafi yawansu hannu da ilimi suke buƙata. A ƙasar Gana an taɓa horar da direbobin haya sama da 300 a kwas na awa 6 kan taimakon farko, domin su ne suke fara isa wurin hatsari, aka kuma ga sun yi amfani da abin da suka koya. A jihohinmu na Arewa ma an ga yadda 'yan ƙungiyar direbobi suka sa kansu wajen kai mata masu naƙuda asibiti. Ashe ke nan akwai tubalin da za a ɗora gini a kai.

Ta fuskar doka kuwa, Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta haramta wa kowane asibiti ko ma'aikacin lafiya ƙin ba da kulawar gaggawa, ta kuma ware kashi 5 cikin 100 na asusun kula da lafiya a matakin farko domin wannan aiki. Dokar 2017 ta wajabta karɓar wanda aka harba a yi masa magani ba tare da jiran takardar 'yan sanda ba. A 2022 gwamnatin tarayya ta ƙaddamar da tsarin kulawar gaggawa da motocin asibiti na ƙasa. Akwai lambar kiran gaggawa ta 112, da ta hukumar kiyaye haɗurra 122. Dokokin suna nan a takarda. Abin tambaya shi ne wanda ke cikin motar idan ta zo, da abin da ya iya, da abin da aka ba shi izinin yi.

Kiranmu ga ma'aikatun lafiya na jihohi shi ne kowace ta fitar da ƙa'idojin aikin motocinta a rubuce, da Hausa da Turanci, a ajiye kwafi a kowace mota, a naɗa likitan da zai riƙa amsa kiran ma'aikata dare da rana, a kuma riƙa bibiyar bayanan kowace fita domin gano inda aka yi kuskure a gyara. Ga masu hannu da shuni da 'yan siyasa masu ba da kyautar mota a rubuta sunansu a jiki, muna tunatar da su cewa motar da babu tukunyar oksijin, babu ma'aikaci mai horo, babu kuɗin mai, ba ta bambanta da motar haya ba sai a fenti da jiniya. Wanda ke neman sadaka mai gudana ya yi waƙafin da zai ɗauki nauyin horo da albashi da kayan aiki shekara bayan shekara. Marigayi Abdus Sattar Edhi na Fakistan, wanda ya rasu a 2016, da tsohuwar mota guda ya fara, da gudummawar talakawa ya gina rundunar motocin agaji da duniya ta san da ita. Ƙungiyoyinmu na addini suna da dubban 'yan agaji masu kaki da ɗa'a a masallatai da wuraren tafsiri da filayen idi; a haɗa su da asibitocin koyarwa su koyi danna ƙirji da tsayar da jini, a riƙa sabunta musu horon lokaci zuwa lokaci.

Mu kuwa sauran jama'a, abin da ke kanmu ba shi da wahala. Idan muka ji jiniya mu kauce mu ba da hanya, kada mu bi bayan motar don mu tsallake cunkoso. Idan muka iske hatsari, ɗaya ya kira lambar gaggawa ya faɗi wurin daidai da adadin waɗanda suka jikkata, wasu su tsare hanya, sauran su ja da baya. Mu mayar da wayoyinmu aljihu, domin ɗaukar hoton musulmi yana kwance cikin jini, tufafinsa a yage, a watsa a Facebook da WhatsApp, tona asiri ne da cin mutunci, kuma sau da yawa ta haka uwa take fara jin labarin ɗanta. Limamanmu su ware huɗuba guda su karantar da wannan, domin maganarsu tana isa inda sanarwar ma'aikatar lafiya ba ta isa.

Muna roƙon Allah Ya kiyaye mu daga mummunan hatsari, Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya jiƙan waɗanda suka riga mu, Ya saka wa masu tashi cikin dare domin ceton rayukan bayinSa da mafificin alheri. Allah ne Mafi sani.